Gülizar da Tambayoyi Goma

"Kana jin tsoro?"

"Alhamdulillahi."

"Barci fa?"

"Sai godiya."

"To madalla. Maki sifili ke nan."

Gülizar tana gyara ƙarin ruwa a gadon kusa ta ji su, ta girgiza kai. Shekararta ashirin da shida tana aikin jinya a ɗakin gobe-da-nisa na wani asibiti a birnin Samsun na ƙasar Turkiyya, ta san masu "sai godiya" kamar yunwar cikinta. Mahaifinta ma da wannan kalmar a bakinsa ya cika, ba wanda ya san abin da ke ransa.

Mai tambayar Dokta Tolga ne. Takarda ce a hannunsa mai tambayoyi goma, an juya ta zuwa Turkanci, yana gwadawa ko za ta iya tono damuwar da majinyaci ya binne. Wanda ta nuna, a kira masa likitan ƙwaƙwalwa. Wanda ta ce garau yake, an wuce shi ke nan.

Ga shi yanzu takardar ta wuce Baffa Rıfkı, tsohon masuncin da aka yi wa aikin zuciya. Gülizar kuwa ta ga yadda yake damƙe ƙarfen gado duk sa'ad da na'ura ta yi ƙara.

Ta tari likitan a bakin ƙofa. "Wai takardarka ta ce lafiyarsa lau?"

"Haka ta ce, Yaya."

"Ita ke juya shi a gado ko ni? Wa ke tsaye a kansa da kake tambayar?"

"Matarsa."

"Kai dai karatu ya cinye ka! Shekara arba'in yana cika mata baki teku ba ta taɓa firgita shi ba, yau ne zai ce gado ya firgita shi?"

"Yaya, in na taɓa ko kalma ɗaya gwajin ya lalace."

"Riƙe kalmominka. Kujera kawai nake so."

Ta lallaɓa matar tsohon, Inna Şaziye, ta sauka ƙasa shan shayi. Sannan ta zauna, ta ciro kwalbar turaren lemon da ba ta rabuwa da ita, ta zuba wa tsohon a tafin hannu kamar baƙon da ya zo gidanta. Ya shafa a fuska, ya ja numfashi.

Likitan ya karanto tambayar farko, yadda take a rubuce.

"Alhamdulillahi," in ji Baffa Rıfkı.

Gülizar ba ta tashi daga kujerar ba. Haka aka bi tambayoyin har ta goma, sai godiya, sai godiya. Tolga ya rufe alƙalaminsa, ya yi mata kallon "ai na faɗa miki".

Tsohon ya leƙa ƙofa, ya tabbatar ba inuwar matarsa. Ya riƙo bakin rigar Gülizar.

"'Yata, roƙar mini yaron nan ya zauna shi ma. Ya sake karanto mini waccan ta tsoron, a hankali."