Wadda ta ƙi gaya mini cokali nawa

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Ta wanke hannu, ta zura farar riga, ta goge na'urar da take leƙa jini a ciki, sannan ta jera kwalabe sahu-sahu. Shekara talatin da uku ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Mu dai Malamar Gwaji muke ce mata.

Ni da kuke ji, ban taɓa zama a aji ba, amma littafin binciken kisa huɗu na yi. Ni nake faɗa, mai ɗakina tana rubutawa. Mota ta kife da ni sau biyu, maciji ya sare ni, ga ni nan ina tafiya ba sanda. Ba na sunkuyar da kai ga kowa, amma ga wannan baiwar Allah na sunkuyar.

A littafina na uku na so mugun da ke cikin labarin ya kashe ɗan'uwansa da maganin ƙwari na gona. Ba a taɓa kama ni da shaci-faɗi ba, kuma ban shirya a fara ba, shi ya sa na je wurinta. Mako uku tana ba ni lokacin hutunta. Ta karanta mini alamomin wanda gubar ta kama har na haddace: gumi, amai, dalalar miyau, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura.

Ran nan na ce, "To 'yata, cokali nawa ke gamawa da ƙato?"

Ta cire tabarau. "Baba, wannan kam ba za ka ji a bakina ba."

"Ni? Da furfurar nan zan fara kisa?"

"Kai ba za ka yi ba. Amma ka san duk hannun da littafin zai shiga? Cika shafi da alamomin, ka bar cokalin."

Na koma gida ina huci, ina cewa littafi ya lalace, za a ce tsohon ya fara kame-kame. Mai ɗakina ta ce, "Malam, ko sukarin shayinka ba ka san cokali nawa ne ba. Faɗi abin da aka ba ka in rubuta."

Bayan shekara guda, wani mai feshin gona ya dawo gida yana gumi, miyau na zuba. Maƙwabta suka ce zazzaɓi ne, a bar shi ya kwanta. Matarsa kuwa ta karanta littafina. Ta buɗe idonsa, ta ga kan allura, ta sa aka ɗauke shi sai asibiti, har da jarkar maganin a hannunta. Ma'aikatan jinya shaida ne. Mutumin ya tashi, da ƙafarsa ya zo gidana godiya. Na karɓa kuwa, don ni na iya karɓar godiya. Yau dai na kawo wa mai ita.

Malamar Gwaji, ke ce mai ido a bayan madubin duba jini. Ke ce kika ba ni abin da ke ceton rai, kika riƙe abin da ke ɗauke shi, ba ki ji tsoron furfurata ba. Na gode, 'yata. Allah Ya sa ki huta lafiya.

Ku masu ilimi, in jahili irina ya ƙwanƙwasa, ku buɗe masa kamar yadda ta buɗe mini, ku kuma san inda za ku ce a'a. Littafin nan ya zaga hannu da yawa, kuma har yau ba wanda ya tare ni ya ce, "Baba, cokali nawa?"