Na sayi kwamfuta kamar mai sayen sa

Mu gidanmu dillalan shanu ne. Tun ina ƙarami baba yake jan hannuna zuwa kara, kasuwar shanu, ranar Laraba, ya ce in dubi ƙirji, in dubi tozo, in daki cinya in ji tauri. Da idon nan na tashi, kuma shi ne ya kai ni ya baro.

Shekaru muna da majalisa a zauren gidanmu. Bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma, a ɗora shayi, kowa ya fito da wayarsa mu shiga wani wasa na gini, inda mutane da yawa ke haɗuwa a duniya ɗaya. Mun gina gari guda a ciki, har da kara da tashar mota. Duniyar nan a cikin wata tsohuwar kwamfutata take zaune, ita ce sabar, kuma sai kana kusa da waifai ɗin gidan za ka iya shiga. Wato inda sabar take, nan majalisa take. Ni ne mai gida, ni ake jira in kunna, ni ke raba faɗa in wani ya rushe wa wani katanga. Wallahi ina jin daɗin abin nan fiye da wasan kansa.

Sai tsohuwa ta fara gajiya. Mutum biyar suka shiga, sai komai ya riƙa tsayawa yana tafiya. Wani tela a cikinmu, wanda ya fi kowa naci, ya ce a nemo sabuwa wadda za ta wuni a kunne, ko mai gida yana nan ko ba ya nan.

Nan fa taubashina ya buɗe baki. Ɗan gwaggona ne, tare muka tashi, yana da ɗan kemis a bakin titi. Ya ce, «Ai ni ma ina tunanin sayen wata 'yar ƙarama. Tunda akwai solar da ke riƙe firij a wajena.»

Na ce, «Kai? Kai da ko bukka ba ka iya ginawa a miƙe ba?» Aka yi dariya. Amma na ga yadda telan ya juya ya dube shi.

Ban yi shawara da kowa ba, na hau mota sai Kano. A wani shagon kwamfuta na wuce ƙananan ko kallo ba su ishe ni ba. Can ƙarshe na hango wata baƙa, ƙatuwa, gefenta gilashi, fanka uku suna juyawa da fitilu ja da shuɗi. Na rungume ta na ɗaga, sai da ƙuguna ya amsa. Na ƙwanƙwasa gefenta na ji ƙarfe. Mai shagon ya fara yi mini bayanin wutar da take ci, na ce masa ya bari, na ga abin da nake so.

Ranar da na sauke ta daga keke napep har maƙwabta sai da suka leƙo. Ta yi aiki kuwa, wasa ya tafi sumul. Na zauna kusa da ita ina hura hanci. Taubashina ya zagaya ta ya ce, «Ma sha Allah, wannan ai sai a nema mata dusa.»

Ashe gaskiya ya faɗa. Lokacin bazara ne, zafin Potiskum kuwa ba a ba da labarinsa. Zauren ya koma kamar gidan burodi, ƙarar fanka ta hana mu jin juna. Da an ɗauke wuta, batirina ba ya iya riƙe ta ko a gama shan shayi. Ɗif, duniya ta mutu. Na sayi fetur na tada janareta, maƙwabci ya aiko a ce mini matarsa ba ta da lafiya. Rannan telan ya ɓata yammacinsa yana gina babban masallaci, yana kan hasumiya aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita babu masallaci, babu alamarsa. Ya ajiye waya a hankali ya ce, «Malam, ba girin-girin ba, ta yi mai.»

Shi kuwa gogan taubashina ya sayo tasa. Na ganta, wata 'yar aba kamar kwalin sabulu, ba fitila, ba ƙara. Ya ɗora ta a kan firij. Wai tambaya ɗaya ya yi wa mai shago, ko solarsa za ta riƙe ta dare da rana. Na ji haushi har wuya. Na yi ta kushe ta, na ce za ta ƙone, na ce abin wasan yara ce. Har addu'a na kusa yi mata. Ta ƙi ƙonewa. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na zuba mata buhu-buhu.

Da ladabi suka zo suka roƙe ni in kwafe musu duniyar, wai na ɗan lokaci, kafin damina. Na so in hana, amma gini na kowa ne. Na kwafe na ba su, ina murmushin da bai kai ciki ba.

Sati biyu ban leƙa ba. Ina zaune a zaure ina jiyo labari: sun yi rumfa a bayan kemis, an samu sabbin mutane, telan ya gama masallaci. Babu wanda ya yi gaba da ni, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Da abin ya ishe ni na wanke ƙafa na tafi. Suna zaune fal a tabarma, wasu ma ban san su ba. Taubashina ya miƙe da fara'a ya kama hannuna, babu tsokana ko ɗaya a bakinsa. Wani saurayi da ban taɓa gani ba ya matsa mini wuri, ya ce, «Sannu da zuwa. Ka iya wasan, ko a nuna maka?»

Na jira wani ya yi dariya ya gaya masa ko ni wane ne. Duk kawunansu na kan waya. Sai taubashina ya leƙa cikin shago ya ɗaga murya, «A kawo wa baƙo ruwa!»