Shaidar Kofur Barrientos

Don Eleuterio Maidana ne ke buɗe ƙofar makarantarmu a gefen La Plata, shi ke shara, shi ke buga ƙararrawa. Ni ce mai girkin yara. Kullum da hantsi yakan leƙo kicin mu sha mate, ganyen nan mai ɗaci da muke zuƙa a ƙoƙo ɗaya. Hirarsa ba ta wuce ƙauyensu na Corrientes, a bakin kogi, inda matarsa Nélida ta riga shi komawa tana kula da 'yan itatuwan lemonsu.

"Kai Don Eleuterio, ka ishe mu da kogin nan!"

"Ke dai ƙaro ruwan zafi, Doña Chela. Da kin gan shi da yamma, ba za ki sake kwana a garin nan ba."

Kewa ce ke cinsa, har ni tana kama ni. Da za a haɗa masa zaman soja da shekarun aikin gwamnati, da bana ya yi ritaya ya tafi. Yana saurayi aka kwashe su zuwa yaƙin tsibiran Malvinas, amma a ofishin fansho aka ce ba a ga sunansa cikin waɗanda suka tsallaka teku ba, sai wani na gaba da shi ya zo ya shaida. Mutum ɗaya ya rage da rai, Kofur Barrientos. Shi ne ya sa aka shimfiɗe Eleuterio a kan ƙanƙara, aka ɗaure shi hannu da ƙafa a turaku, saboda yunwa ta sa ya yanka tunkiyar mutane. Sanyin ranar ne ya cinye masa yatsun ƙafar hagu.

"Gara in mutu da tsintsiya a hannu da in je wurinsa," in ji shi.

"To mutu mana. Nélida ta sha lemonta ita kaɗai."

Ni dai bakina ba linzami. Ya daina leƙo kicin, sai ji na yi ya tafi neman mutumin.

Ran Litinin ya shigo ya zauna a kan buhun shinkafa. Ya ce ya sami kofur a gidan 'yarsa, ya tsufa tukuf a keken guragu. Ya faɗi sunansa, tsohon bai gane ba. Ya faɗi sunan tudun da suka tsare, nan ma bai tuna ba.

"Sai na cire takalmi. Ya duba, ya ce, 'Au, ɓarawon tunkiya!' Ya yi ta dariya har da tari. Ya ce zai je ofishin fansho ya gaya musu ina can tsibiran, shi da kansa ya ɗaure ni."

"To ai shi ke nan! Gida ya kira ka."

"Zan tafi," ya ce.

Ya riƙe ƙoƙon bai zuƙa ba har ya huce.

"Doña Chela, godiya fa na yi masa. Da hannu biyu na kama nasa."