Ƙugiyar Sunan Baba

A wani shagon buga takardu na Sabon Gari, inda nake zaune ina jiran layi, wata budurwa mai tabon tawada a yatsa tana gyara kundin kammala karatunta. Duk harafin é da ta danna, kwamfutar da kanta take mayar da shi \'e, don kada ya lalace wurin bugawa. Amma Ɗ ya gagari na'urar, sunan mahaifinta ya fito Danlami a takarda, babu ƙugiya a kan D.

Mai shagon ya ce, "Bar shi, 'yata, malamai ba za su lura ba."

Ta ce, "Baba zai lura. Sunansa kaɗai ya iya karantawa."

Ta zaro alƙalamin bik, ta ɗora ƙugiyar a hankali. Haka mu ma muka yi muna yara a makarantar mishan ta Tsibiri, sai dai mu tsoron malam ne ya sa.