Ramin da Mai-Rijiya Bai Taɓa Leƙawa Ba

Shekara talatin da huɗu Mai-Rijiya ya yi yana shiga ƙasa da safe yana fitowa da yamma. Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni. Ko matarsa, in faɗa ya tashi, da Mai-Rijiya take kiransa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan tukunya. Karatunsa bai yi nisa ba, amma in ya zagaya fili, ya tsuguna ya murza ƙasa, ya ce ruwa yana gaba goma sha biyu, da wuya ya kai sha huɗu.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma ba ta canzawa: in bai cim ma ruwa ba, ba ya cin kuɗin mutum. Sau biyar a rayuwarsa ya ci karo da dutse, sau biyar ɗin ya mayar da kafin alƙalami, ya biya leburori daga aljihunsa. Matarsa tana kiran wannan taurin kai, mutanen unguwa suna kiransa amana. Da wannan hali ya aurar da 'ya'ya uku, ya sayi ɗan fili a bayan gari da niyyar gina ɗakunan haya da za su riƙe shi in ƙarfi ya ƙare. Ƙarfin kuwa bai yi sallama ba ya tafi. Gwiwa ta ƙi igiya, ya sayar da injin zuƙo ruwa da sauran kayan aiki, ya koma zaman benci a ƙofar shagon Tela, amininsa tun ƙuruciya.

Surukinsa, mijin 'yarsa ta biyu, yana aiki a ofishin dillalan hannun jari. Yaro ne mai ladabi, kuma laifinsa bai wuce wani ɗan littafi mai sheƙi da ya kawo don tsoho ya kalli hotuna ba. Na wani ƙaramin kamfani ne mai neman mai da iskar gas. Bai taɓa sayar da ko kwalba ɗaya ta mai ba, amma ya samu izinin haƙa rijiyar gwaji a wani jeji, yana neman masu zuba jari. Mai-Rijiya ya ƙura wa hoton injin haƙar ido har shayinsa ya huce. Surukin ya faɗa masa sau uku cewa irin waɗannan kamfanoni sun fi faɗuwa a kan tashi. Tsoho ya ce wa zai koya masa haɗarin rami? Tambaya ɗaya ya yi: shin suna duba ƙasa kafin su haƙa? Da aka ce har na'urar sauraron ƙasa gare su, sai ya ce a rubuta shi da kuɗin injinsa da ya sayar duka.

Abin da zai faru in ba a samu man ba, bai tambaya ba. A wajensa wannan ba tambaya ba ce, tunda amsarta ɗaya ce a duniya.

Tela ya ji labari ya kawo nasa kuɗin. Sai kuma Yaya, babbar yayarsa, wadda ta goya shi, mijinta ya rasu, tana sayar da sabulu da garin wanki a kan tebur a ƙofar gida. Shekara uku tana tarin kuɗin kwanon rufi, don ɗakinta in ana ruwa sai ta jera robobi a kan gado. Ita ce ta yi tambayar da shi bai yi ba.

"Auta, in ba su samu ba fa?"

"Mai haƙa in bai samu ba mayarwa yake, Yaya. Haka sana'ar take a ko'ina."

Ta kwance ƙullin ta ba shi. Da yake su biyun ba sa son cike takardu, duka aka saya da sunansa.

Daga nan kansa ya fara ɗaurewa. Ya zaci za a kai shi ya ga wurin, ko ya murza ƙasar ya ba su shawara, sai aka ba shi takarda ɗaya mai lambobi. Wata biyu bayan haka, ba a ko dasa injin ba, surukin ya zo da murna, wai darajar hannun jarin ta ninka, Baba ya sayar da rabi ya cire uwar kuɗinsa. Mai-Rijiya ya tambaya me aka samu. Aka ce ba komai tukuna. To me ya ƙaru? Surukin ya ce tsammanin mutane ne ya ƙaru. Tsoho ya juya maganar ta kowace fuska, bai ga inda za ta zauna ba. A ƙarshe ya ce shi bai taɓa sayar wa mutum ruwan da bai gani ba, ba kuma da furfura zai fara ba.

Da aka fara haƙa, kamfanin yakan sanar da zurfin da aka kai, da mita. Tela ya ɗauko tef ɗinsa ya auna tsawon gaba ɗaya a hannuwan Mai-Rijiya, suka yi ta lissafi da alli a kan teburin yanka, sai ga shi ramin ya haura gaba dubu ɗaya da ɗari biyar. Mai-Rijiya ya ce a sake, an yi kuskure. Aka sake, haka ya fito. Ranar bai iya cin abincin rana ba, yana ta tunanin mai fitar da ƙasa.

Sai labari ya zo an ga alamun iskar gas. Tela ya yi masa ɗinkin hula kyauta. Bayan mako biyu wani labarin ya biyo: gas ɗin bai kai yawan da za a sayar ba, an toshe ramin da siminti. Takardarsa ta koma kashi ɗaya cikin goma na abin da ya zuba. Ya kira surukin a waya ya ce ya gaya masa magana ɗaya, an samu ko ba a samu ba? Yaron ya ce an samu, amma kamar ba a samu ba ne.

Bai damu sosai ba. Dutse dai ne, shi ma ya sha cin karo da shi. Ya jira mako guda don kada ya ci musu fuska, sannan ya sa rigarsa ta fita ya tafi ofishin karɓar kuɗi.

Ofishin a hawa na uku yake, sanyi kamar gindin rijiya, ga wani allo a bango lambobi ja da kore suna ta gudu. Shugabar wurin da kanta ta zaunar da shi, ta sa aka kawo masa ruwa a kofin takarda. Ta yi bayani a hankali, surukin yana tsaye yana kallon takalminsa. Kuɗin sun tafi a hayar inji, da bututu, da albashin ma'aikata. Ya ce ya sani, shi ma yakan biya leburori, amma daga aljihunsa.

"Baba, ai ku ne aljihun," in ji ta. "Ba aiki kuka ba su ba. Ku ne masu kamfanin."

"In ni ne mai shi, me ya sa ban taɓa ganin ramin ba?"

Ta yi murmushi, ta ce akwai ma albishir: kamfanin zai haƙa rijiya ta biyu, kuma tsofaffin masu jari za su iya ƙara kuɗi a farashi mai sauƙi. Ya ce shi ma yakan haƙa ta biyu, amma kyauta. Ya sauko matakala yana dafa bango, kofin takardar na hannunsa har bakin titi.

Nasa kuɗin bai hana shi sukuni ba. Maganar da ya faɗa wa Yaya ce ta dame shi, ga damina ta matso. Tela ya ce a bar zancen, kasuwa ce, amma ya daina tsokanarsa, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ba tare da shawara da kowa ba Mai-Rijiya ya sayar da filin. Matarsa ta yi kuka, ta ce doka ba ta ce ya biya ba, kamfani bai ce ba, su kansu masu kuɗin ba su ce ba, to wa ya ce? Shi dai ya san da bakinsa aka karɓi kuɗin.

Tela ya karɓi nasa yana sunkuyar da kai. Yaya kuwa ya same ta da hantsi tana jera sabulai. Ya miƙa mata ambulan, ya ce ba a samu man ba. Ta riƙe shi ba ta buɗe ba, ta dube shi irin duban da take masa tun yana rarrafe.

"Kamfanin ne ya mayar?"

Ya san in ta ji zancen fili, ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta karɓa ba. Mutumin da bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kan ƙasa ba ya ce e, su ne.

Fuskarta ta washe. Ta ce ashe har yanzu akwai masu tsoron Allah a duniya, ta yi ta sa musu albarka, su da iyayensu. Ta ce ta ji a bakin matar Tela za su haƙa ta biyu. Ta shiga ɗaki, ta fito da gwangwanin cinikinta, ta juye abin da ke ciki a kan ambulan ɗin, ta danƙa masa duka a hannu.

"Mayar musu, Auta. Kwano ya jira baɗi. Mutanen da ba sa cin kuɗin mutum, ai ba a barinsu su haƙa su kaɗai."

Kafin ya buɗe baki ta leƙa ta katanga tana ƙwala wa maƙwabciyarta kira, wai ta zo da nata, ga Auta nan bai tafi ba.