Tumatirin Shef Isufu da Fitilar Sodiyom

Har yanzu safiyar ba ta fita daga raina ba. Ina kan tsani a atiliye, ɗakin aikinmu, ina canza ampul, wato ƙwan lantarki, aka buga mini waya cewa Shef Isufu ya rasu. Shi ne shugabanmu a sashen lantarki na mahaƙar ma'adinin Arlit, shi ya koya mini aiki. Na sauko na zauna, kuma abin da ya faɗo mini a rai tumatir ne.

Shekarar da zai ajiye aiki, kamfani ya sauke tsofaffin fitilun sodiyom, masu hasken nan ruwan ɗorawa, ya sa farare. Shef ya nemi izini aka ba shi ɗaya da balas ɗinta, wato akwatin da ke daidaita mata wuta. Ya riga ya sami garka a bayan gari, da ita yake sa ran ciyar da iyalinsa. Amma rana tana ƙone masa iri tun yana jariri, kuma in sanyi ya shigo ba shi da dashe, shekarar ta wuce shi. Sai ya ce a wani ɗaki a gidansa za mu rene shi.

Muka shuka irin tumatir a tire-tire, muka rataye fitilar da nisa saboda zafinta, muka sa fanka. Muka bar ta a kunne dare da rana, don mu a ma'adini ba a kashe wuta.

Kullum sai ya ce, "Ɗan Maraɗi, dubi yarana! Ko naka na gida sun kai su ƙiba?"

Wata Juma'a matarsa ta ce za ta share ɗakin, muka fito da tire ɗaya tsakar gida. Ashe ganyen duk ya yi rawaya. A ƙarƙashin sodiyom kome launinsa ɗaya, lafiyayye da mai ciwo.

Shef ya daɗe yana kallo, sai ya fashe da dariya.

"Mun sa su aikin safe da na yamma da na dare, ba mai canjinsu. Ko ni aka yi wa haka ai sai na yi rawaya."

Na ce, "Shef, da suna da sandika, ƙungiyar ƙwadago irin tamu, da tuni sun shiga yajin aiki."

Ya haɗa agogon da ke kashe fitilar bayan isha'i, ya ƙara ƙaramin farin ampul don duba ganye, muka sake shuka. Da ƙyar dashen ya riski sanyi, amma ya riska. Har atiliye ya kawo mana kwandon tumatir.

Shi ya sa nake ce muku, ku masu koyon aiki, kada ku yanke hukunci kan aiki a ƙarƙashin hasken da kuka haɗa da kanku. Ku fito da shi waje.

Da na je gaisuwar rasuwarsa, na ga farantin alminiyom da ya fara lanƙwasawa don haske ya kai ga tiren da ke lungu. Gefe ɗaya ya gama, ɗayan yana nan a miƙe.