Baba Tsaye da Uwayen Ciyawarsa

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Baba Tsaye ya riga ya jiƙa ƙafar wandonsa. Yana da wani siririn fili na aro tsakanin katangar gidan ruwa da bakin titi, kuma a nan ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana renon ciyawar ado. Zai bi layin buhunan siminti da ya cika da ƙasa, ya tsoma yatsa a kowanne kafin ya zuba ruwa. Wanda ya ji da danshi sai ya wuce shi. Bai ajiye bokiti ba ya ɗauko lauje, bai ajiye lauje ba ya tuna akwai gidan da ya yi alkawarin leƙawa, sai ka hango shi a kan tsohon kekensa, fartanya ɗaure a baya. Mai walda da ke maƙwabtaka da shi ya taɓa jin tausayinsa, ya ƙera masa kujerar ƙarfe kyauta. Baba ya yi godiya sosai, ya ɗora tukunyar shuka a kai. Daga nan sunan ya bi shi, har yara ba su san yana da wani ba.

Bana ya ajiye aiki, ba don yana so ba. Tun da abin ya faru na kasa zama ni ma, shi ya sa na ce gara in faɗa wa mutane ko wane ne shi tun yana jin mu da kunnensa.

Mutanenmu ba su taɓa raga masa ba. Mai wucewa zai tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Baba, yanzu ciyawa ake saye? Abin da akuya ke ci kyauta?" Shi kuwa ba ya ɗago kai. Sai ya ce, "Fure baƙo ne, kwana kaɗan ya yi sallama. Ciyawa 'yar gida ce, in ka shuka ta sau ɗaya ka yi abokiyar zama." In mutum ya ƙara magana, ya tarar Baba ya riga ya kai ƙarshen layi.

Sayen ciyawa a wurinsa wahala ne, wannan zan faɗa ko zai ji haushi. Ba ya sayar maka sai ya san gidanka. Ta ina rana take faɗowa tsakar gidan? Ina ruwan wanki yake bi? Akwai dabba? Wa zai riƙa ba ta ruwa, kai da kanka ko aike za ka riƙa yi? Ranar da na fara zuwa, ni da ba ni da haƙurin ko sisi, na nuna wata mai jan baki mai sheƙi na ce ita nake so, a ɗaure min in tafi.

"Ba zan ba ki ba, Malama," in ji shi.

"Ba ta sayarwa ba ce?"

"Ta sayarwa ce, amma ba ga mai ƙaramin gida ba. Ciyawa iri biyu ce, da mai zama da mai yawo. Wannan dangin tofa ce, ta ƙarƙashin ƙasa take tafiya. Bana tana gidanki, baɗi ta ratsa katanga ta ɓullo a madafin maƙwabciyarki, ku daina gaisawa. In kin nace, sai dai a tsare ta cikin rabin duro."

Ya ba ni gamba, mai tsayawa wuri ɗaya ta yi dunƙule, kanta ya yi gashi fari-fari da iska ke kaɗawa. Na karɓa ina ƙunƙuni, na ce, "To kai fa, Baba, wace iri ce, mai zama ko mai yawo?" Ya ce, "Ai shi ya sa ba a shuka ni a gidan kowa ba." Kashegari da sassafe sai ga shi a ƙofar gidana, wai ya zo ganin ko na binne mata wuya. Na binne kuwa, ya tone ya gyara.

Ba ni kaɗai ke da irin wannan labarin ba. Akwai tsohuwar nas a bayan layinmu da ruwan sama ke cin gindin katangarta kowace damina, ta gaji da kiran magina. Baba ya jera mata jema, ciyawar nan mai dogon saiwa da ƙamshi, ya ce ta ba ta damina biyu. Katangar tana nan tsaye. Akwai kuma tela, wanda matarsa ta shuka dunƙule ɗaya a gaban tagar ɗakinsu kafin ta rasu. Da rani ya yi, ciyawar ta bushe ƙamas, tela ya ɗauko diga zai tumɓuke ta don ya daina ganin mutuwa sau biyu. Wani ya faɗa wa Baba. Tela ya ce min bai taɓa ganin dattijo ya jefar da keke a ƙofar gida haka ba. Baba ya riƙe ƙotar digar ya ce, "Ba ta mutu ba, barci take yi. Yanke ta, ka bar tsawon tafin hannu, ka ƙyale ta." Da ruwa ya sauka ta tofo kore shar. Tela ya ce a tsugune ya yi kuka, bai damu da wanda ke kallo ba.

Baba, kai ne ka koya wa unguwa guda cewa bushewa daban, mutuwa daban. Kai ne mai leƙa gidan da ka sayar wa shuka shekara biyar baya, ba a kira ka ba, ka yi faɗa ka gyara ka tafi ko ruwa ba ka sha ba. Baba Tsaye, mai yatsa a ƙasa, mun sha jin haushinka, kuma kowane lokaci kai ne da gaskiya.

Sai ga bazarar bana ta zo da abu biyu a haɗe. Magadan mai filin suka ce za su gina shaguna, ya kwashe kayansa kafin wata ya ƙare. Ba su zalunce shi ba, filinsu ne. A makon kuma likita ya duba gwiwarsa ya ce in bai bar tsugunne da keke ba, nan gaba sai an ɗauke shi. 'Yarsa ta fari ta zo ta ce maganar ta ƙare, gidanta zai koma.

Na buhu ba su dame shi ba, rabar da su ya yi. Abin da ya hana shi barci shi ne uwaye, manyan dunƙulen da ke cikin ƙasa a jikin katanga, waɗanda daga jikinsu yake tsago duk abin da ya taɓa sayarwa. Ba ya sayar da su, ba ya bari a taɓa su. Babbar cikinsu, wata gamba da ya fara sana'ar da ita, Tsohuwa yake ce mata. Na same shi yana kai da komowa a gabansu yana ɗingishi.

"Malama, ba a tsaga ciyawa cikin wannan zafi. Sai ruwa ya sauka. In na tsaga yanzu, rana ta kashe rabi. In na bari, katafila ta kashe duka."

"To yaya za a yi, Baba?"

"Rabi ya fi babu. Ɗauko min gatari."

Makonnin nan ba wanda ya huta. Ya aske musu ganye, ya sare kowane dunƙule gida-gida, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya bi gidajen da ya yarda da su ɗaya bayan ɗaya. A yi musu inuwa da tsohuwar tabarma. A ba su ruwa da yamma, kaɗan, kada a mai da wurin fadama. Kada kowa ya tona don ya ga ko saiwa ta kama. Tsohuwa kuwa tsakiyarta ta riga ta ruɓe don tsufa, gefe ɗaya kawai ya samu mai rai. Ya dasa shi cikin rabin duro, ya sa aka kawo gidana. Na ce me ya sa ni, alhali ya san halina? Ya ce, "Don ke ce mai gaggawa. Masu haƙuri mantawa suke yi, ke kuwa sau goma za ki duba." Ya ci gaba da zagaye gidajen safe da yamma har ranar da 'yarsa ta zo da mota, ta sa kekensa a but, ta tafi da su duka biyun.

Na je gaishe shi a gidan 'yarsa. Gida ne mai kyau, tsakar gidan an shafe shi da siminti daga bango zuwa bango, ko tsinke babu. Ga Baba a kan kujerar nan ta mai walda, hannuwansa a kan cinya, tsaf da su, babu ƙasa a farce. Ban taɓa ganinsa a zaune ba sai ranar, kuma ban so abin da na gani ba.

"Baba, yau kai ne a zaune?"

"An zaunar da ni. Tsohuwa ta fito?"

"Tukuna."

Ya gyaɗa kai, ya mai da ido bango. 'Yarsa ta raka ni ƙofa tana murza hannu. Ta ce, "Anti, abinci sai na yi da gaske. Daga ɗaki ya je famfo, daga famfo ya dawo ɗaki, ya rasa abin da zai taɓa. Na ɗauka na raba shi da wahala ne, ashe da barci na raba shi." Ban ga laifinta ba, ko ni ce haka zan yi. Amma zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma a idona Baba yana bushewa.

Daga nan unguwa ta koma kallon kututture. In mun haɗu a hanya ba a tambayar yara sai an tambayi ciyawa. Ta mai walda ta mutu, ya roƙe ni kada in faɗa. Ta nas ta yi shiru. Ni kuwa rabin duron nan ya zame min aiki, in duba kafin in fita, in dawo daga hanya in sake dubawa. Ruwan farko ya sauka, na wasu suka tofo, Tsohuwa ko motsi. Ruwa na biyu ma haka. Sau nawa na ɗauko cokali zan tona, sai in ji muryarsa, in mayar. Kullum sai ya sa a kira ni a waya, tambayar ɗaya ce, amsar ma ɗaya, har na fara tsoron ƙarar wayata. Wata safiya na durƙusa zan cire wani abu da na ɗauka tsinken tsintsiya ne a gefen kututturen, sai na ga kore ne. Kusa da shi akwai wani.

Ban kira shi ba. Tela na kira, shi ya kawo shawarar. Ya ce duk gidan da ke layin nan akwai tsohon dunƙulen da ya fito daga hannun Baba, kuma yanzu ne lokacin tsagawa. Kowa ya tsago nasa, a kai wa Baba. Mai walda ya yanka durorin da ya samu don ya wanke kunyarsa. 'Yar Baba da ta ji, sai ta kira magini ya fasa mata siminti a jikin bango, tsawon tsakar gidan.

Muka shiga da kaya niƙi-niƙi, ni ina gaba, an riƙo min Tsohuwa. Baba ya dube mu, ya dubi duron. Ya dafa bango ya miƙe. Na zaci zai yi godiya ko ya yi hawaye, har na shirya nawa. Ya tako a hankali, ya sunkuya, ya tsoma yatsa a ƙasar.

"Wa ya cika mata ruwa haka? Malama, kashe ta za ki yi? Kai kuma tela, wa ya ce ka tsaga da wuƙar ɗinki? Ku kawar min da wannan daga rana."

'Yarsa ta juya baya tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Ranar, in ji ta, sai da ya nemi ƙari a abinci.

Baba, mun gode. Mun gode da faɗan, da sammakon, da ciyawar da ka hana mu saya. Ba duk uwayen suka rayu ba, ka sani, mai walda ma ya amsa laifinsa. Amma babu irin da ya ɓace, domin ka riga ka raba su a gidajen mutane tun kafin ka san za ka nema. Allah ya ƙara wa gwiwar nan sauƙi, ya sa ka ga Tsohuwa ta yi gashi.

Ku kuma masu karatu, in kuna da sana'a, ku bi abin da kuka sayar har gida ku ga yadda ya kwana. In akwai dattijo a gidanku da kuka hutar, ku duba da kyau ko hutun ne yake cinsa, ku bar masa ɗan abin da zai taɓa. Wanda kuma zai je gaishe da Baba ya tafi da shirin tsayuwa. Kujera ɗaya ce a tsakar gidan, kuma akwai tukunya a kanta.